Filin Shawara: Yaron Da Ba Ya Rabuwa Da Laka

Wasiƙu huɗu na zaɓo muku a wannan makon. Dukkansu sun fito ne daga gidajen da larura ta sa yara ke karatu a tsakar gida, kuma dukkansu maganar gini suke yi. Kamar yadda muka saba, na sakaya sunayen masu su.

Dukansa zan yi ko in ƙyale shi?

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana uku. Tun bara nake koyar da su a gida, saboda na tsakiyan yana da sikila, kullum muna hanyar asibiti, ga kuɗin makaranta ya yi mana nauyi. Na yi karatun koyarwa, don haka da safe mu yi boko, da yamma su tafi Islamiyya. Damuwata babban ne, shekararsa 10. Ba ya iya zama a gaban littafi. Ya kwance mini rediyo, ya kwance fankar caji, lungun tsakar gida kuwa ya cika shi da ɗakunan laka. Na gani a waya cewa a Amurka gidajen tarihi kan ware rana domin yaran da ake koyarwa a gida, su je su yi gini da hannunsu. Mu ba mu da irin wannan. Dukansa zan riƙa yi, ko in ƙyale shi?

*Daga wata uwa, Kano*

'Yar'uwata, Allah ya ba na tsakiyan lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ki ajiye bulalar nan. Yaron da ke kwance rediyo so yake ya san me ke riƙe da me, kuma wannan tambayar ita ce jarin kowane injiniya. Duka zai hana shi taɓa kayanki, amma zai tafi da tambayar gaba ɗaya. Abin da ya rage miki shi ne ki sa wa ɓarnar tasa ƙa'ida.

Abin da kika gani a waya gaskiya ne. A birnin Washington akwai gidan tarihi sukutum na gine-gine, wanda aka buɗe a 1985, kuma yara kan je su gwada gini da hannunsu a cikinsa. Sai dai ke a Kano kike, kuma Gidan Makama na nan daura da fadar Sarki. Gini ne na ƙarni na 15, na zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, yanzu kuma yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Mutane kan shiga su kalli kayan yaƙi da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari su fita. Ku ginin kansa za ku je kallo.

Ki fara zuwa ke kaɗai ko da maigidan, ki nemi jami'in da ke kula da ziyarar ɗalibai, ki gaya masa abin da kike so, ki tambayi abin da aka yarda yaro ya taɓa. Ranar ziyara ku fita da sassafe, kafin rana ta yi zafi, da ruwa mai yawa saboda mai sikilar, kuma ya zauna ya huta duk lokacin da ya so. Kayan aikinku tef ɗin tela ne da fensir da littafi. Kada ki ce sai kun zagaye ko'ina. Tambaya uku ta ishe ku.

Ta farko: me ya sa bangon ya yi kauri haka? Ya auna kaurinsa a bakin ƙofa, sannan ya ja baya ya ɗaga kai. Zai ga bangon ƙasa yana da faɗi a gindi, yana sirancewa yayin da yake hawa, domin gindin ne ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama. A cikin bangon tubali ne, dunƙulen ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, sannan a jera a cike tsakaninsa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa.

Ta biyu: me ke riƙe da rufin? A nan zai ga azara, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda magina suka zaɓa saboda gara ba ta cika cin sa ba. Azara tana da iyaka. In tazarar da za ta ƙetare ta wuce kamu huɗu, kusan mita biyu ke nan, nauyin ƙasar rufi zai lanƙwasa ta. To yaya aka yi zaure mai faɗi? Ki bar shi ya ɗan wahala da tambayar, sannan ki nuna masa bakan gizo. Magini kan kafa azara a jikin bango ta ɓangarori biyu, kowace ta ɗan karkato ciki, ya ɗaura wata a kanta da igiya ta ƙara leƙowa, haka har su haɗu a tsakiya, sai a lulluɓe su da ƙasa. Aikin da rodi ke yi a cikin kankare a yau, shi azara ke yi a cikin ƙasa tun tuni.

Ta uku: in an yi ruwa, ina yake bi? Ya nemo indararo, ya ga yadda aka miƙo shi nesa da bango don kada ruwa ya ci gindin gini. Ya dubi zankwaye a kusurwoyin soro. Ki tambayi mai yi muku jagora labarin makuba, da ake samu daga kwanson ɗorawa, da kuma laso, wanda ake haɗawa da katsin karofi da gashin jima da dafara a shafe rufi. A nan yaro zai gane cewa marini da majemi duk suna da hannu a soron da bai yoyo.

Rabin aikin yana gida. Ya yi ƙananan tubala kashi uku: na ƙasa zalla, na ƙasa da yankakkiyar ciyawa, da na ƙasa mai yashi da yawa. In sun bushe ya duba wanda ya tsage, sannan ya sako kowanne daga tsayin ƙugunsa. Wani makon ya gitta karan dawa a kan duwatsu biyu da tazarar taƙi ɗaya, ya rataya gwangwani a tsakiya, ya riƙa zuba yashi cokali-cokali yana ƙirgawa har karan ya karye. Ya maimaita da taƙi biyu, da taƙi uku. Da idonsa zai ga dalilin da ya sa ɗakunan dā ba su da faɗi. Ɗakunan lakar da ya cika miki lungu da su ma suna da amfani: ya rufe ɗaya da laka mai kauri, ɗaya da faffaɗan gwangwani, ya sa ɗan man shanu a murfin kwalba cikin kowanne da hantsi, ya dawo da azahar ya ga wanda ya narke. Bayan isha ya taɓa bangon lakar, zai ji da sauran ɗumi, domin ƙasa a hankali take shan zafi, a hankali kuma take sakinsa.

Ga ƙa'idar: duk gwajin da bai rubuta ba, ba a yi shi ba. Ya rubuta abin da yake zato kafin ya fara, da adadin da ya samu, da dalilin da yake gani. Ta nan lissafi da rubutun da yake gudu za su shigo ba tare da tsawa ba. Batun kwance-kwance kuwa, ki samo masa matattun rediyo da fanka a wajen 'yan gwangwan, ki ba shi gwangwanin tara kusoshi, ki kafa masa doka biyu: ba ya taɓa abin da ke jone da wuta, ba ya fasa batir.

Kaka ta ce gini aikin maza ne

Anti, ina wuni. Shekarata 14, a Katsina muke. Baba ya cire ni daga makarantar kwana saboda tsoron halin da ake ciki, yanzu wata malama ce ke zuwa gida tana koya mini. Ni burina in zama mai zana gine-gine. Duk gidan da na shiga sai na zana shi in na dawo. Amma Kaka ta ce gini aikin maza ne, mace mai kamun kai ba ta hawa tsani, gara in koyi ɗinki. Mama ta yi shiru. Anti, laifi nake yi?

*Daga 'yarki, Katsina*

'Yata, ba ki yi laifi ba, kuma kada ki yi musu da Kaka. Tsoro take ji miki, tana hango ki a cikin leburori da kwanon siminti a ka. Ki zauna kusa da ita da daddare, ki ce ta ba ki labarin daɓe. Ta sani sarai cewa a gidajenmu na dā mata ne ke daɓe ɗakin amarya. Su ke baza tsakuwa, su yayyafa ruwan makuba, su jeru da madaɓai suna bugawa tare har ƙasa ta yi sumul ta daina ƙura. Ki tambaye ta yadda ake gane daɓe ya nuna, da abin da ke sa wani ya farfashe tun bai shekara ba. Ki rubuta amsarta a littafinki a gabanta. Wanda aka nemi iliminsa ba ya saurin zama abokin gaba.

Bayan haka ki bayyana mata aikin da kike so. Mai zanen gini shi ke tsara inda ɗaki zai fuskanta, inda iska za ta shiga, inda rana za ta faɗa da la'asar, inda mace za ta yi girki ba tare da na zaure ya hango ta ba. Wa ya fi mai wuni a cikin gida sanin waɗannan? A maƙwabciyarmu Nijar akwai Mariam Issoufou, wadda ta fara da karatun kwamfuta kafin ta koma zanen gine-gine. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin Dandaji, a jihar Tawa, ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasar wurin, aka kammala a 2018. Akwai kuma Zaha Hadid, haifaffiyar Bagadaza a 1950, wadda ta fara da digirin lissafi, ta zama mace ta farko da ta karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a wannan fanni, a 2004.

Ga aikinki na wannan watan. Ki auna gidanku da tef, ki zana shi kamar an cire rufi kina kallo daga sama, kowane mita ɗaya ya zama santimita ɗaya a takarda. Ki ja layi da jan biro daga ƙofar waje zuwa ɗakin Mama. In tsohon gida ne, za ki ga layin ba ya miƙewa: ƙofar zaure ba ta kallon ƙofar shigifa, kuma da gangan aka yi hakan domin sutura. Ki yi wa gidan wata ƙawarki na zamani irin wannan zanen ki gwada su.

Sannan ki roƙi Baba ya kai ki wurare biyu da ke garinku. Na farko gidan tarihin da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu. Ki lura da kaurin bangon azuzuwan da girman tagoginsu. Na biyu hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Za ki iya kimanta tsawonta ƙafarki na ƙasa. Ki kafa sanda mai tsawon mita ɗaya, ki auna inuwarta, nan take ki auna inuwar hasumiyar. In inuwar sanda ta ninka sandar biyu, to inuwar hasumiya ma ta ninka ta biyu, sai ki raba ta biyu. Ki fara gwadawa da bishiyar ƙofar gidanku. In kika samu kusan mita 15 a Gobarau, awonki ya yi kyau.

Zane kaɗai ba zai kai ki ba. Jami'o'inmu, har da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta daɗe tana koyar da wannan fanni, suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Lissafi da Fiziks da Turanci, sannan ga jarrabawar JAMB. Ki gaya wa malamarki tun yanzu, ku ba Lissafi lokaci mafi tsoka. Ɗinkin ma ki koya. Awo da yanka da haɗa gefe da gefe za su yi miki rana a teburin zane, kuma ran Kaka zai yi sanyi.

Mu da ba mu da gidan tarihi fa?

Hajiya, gaisuwa mai yawa. Ni manomi ne a wani ƙauye a ƙasar Kabi. Makarantarmu ta firamare a rufe take, malamai sun daina zuwa. Ina da yara maza biyu da mace ɗaya. Karatuna na allo ne, sai ɗan yaƙi da jahilci. Ƙanena ne ke karanta mini wannan fili, shi ya rubuta mini wannan. Yaran na son ƙere-ƙere, motar kara ba irin wadda ba sa yi. Gidan tarihi ya yi mana nisa, kuɗin mota ma aiki ne. Me talaka zai yi?

*Daga wani uba, ƙasar Kabi*

Malam, Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya buɗe makarantar nan. Abin da ake kai yaran birni su gani a bayan gilashi, naka yaran a cikinsa suke kwana. Ka fara da rumbunka. Ka tsayar da su a gabansa ka tambaye su: me ya sa aka ɗora shi a kan duwatsu? Me ya sa ya zama kewayayye? Me ya sa jinkarsa ta zarce jikinsa? Kai ka san amsa: damshi da gara da ɓera, da hatsin da ke tura bango ta kowane gefe daidai wa daida, da ruwan sama da ba a so ya taɓa yaɓe. Kada ka faɗa musu. Su ƙera ƙananan rumbuna biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a kan tsakuwa, su zuba ruwa da buta a gindinsu su kwana su gani.

Tunda sun iya aikin kara, ka sa su haɗa kara huɗu su yi murabba'i, su haɗa uku su yi mai kusurwa uku, su danna kowanne ta gefe. Mai huɗun zai karkace, mai ukun zai tsaya. Su gitta kara ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa a cikin mai huɗun, nan take zai daina motsi. Daga ranar, duk inda suka ga ƙarfen sabis na waya, ko katakon rufin kwano, ko gadar ƙarfe, za su riƙa hango kusurwa uku a jere. Sai ka sa musu gasa: kowa ya yi gadar kara a kan kwarin kunya, a ga wadda za ta ɗauki dutse mafi nauyi. Yarinyar ma da tata.

Ka kuma samo igiya ka yi mata ƙulli da tazara daidai, har ta kasu gida goma sha biyu, ka haɗa bakinta. Yara uku su riƙe ta su ja, gefe ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu, ɗaya gida biyar. Kusurwar da ke tsakanin uku da huɗu ita ce kusurwar ɗaki daidai, kuma da wannan lissafin magina ke fitar da harsashi har yau. In sun je sakandare za su tarar da shi a littafi da sunan Pythagoras, su kuwa sun riga sun riƙe shi da hannu.

Akwai magini a garinku ko a garin kasuwarku. Da rani, in zai yi gini, ka kai masa goro ka roƙe shi ya bar yaran su wuni a gefensa. Kada ka raina iliminsa. Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a Nijar, ya fara masallacin garinsu da ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan, wadda masana gine-gine na duniya ke ji da ita. Francis Kéré na Burkina Faso ɗan ƙauyen Gando ne. Ya koma ya gina musu makarantar firamare da bulon ƙasa a 2001, mutanen gari na aikin da hannunsu, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker.

Gargaɗi biyu. Yaro ba ya zuwa ɗibar ƙasa a kududdufi shi kaɗai, kuma ba ya shiga ramin da aka rarake ƙarƙashinsa, domin gaɓa kan rufto. Da damina kuma a nisanci tsohon bango da kango.

In kaka ta yi kyau, hanya kuma ta yi lafiya, ku iyaye ku haɗa kuɗin mota ɗaya ku kai yaran gari gidan tarihin Kanta da ke Argungu, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan haɗin kan kuma ku yi amfani da shi ku dami hakimi da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma har malamai su dawo, domin kara da igiya ba za su koya wa yaro karatu da rubutu ba.

Maigida ya ce gumaka ne a ciki

Anti, a Jos muke. Ina koyar da yarana biyu a gida. Na nemi izinin kai su gidan tarihi, maigida ya ce ba abin da ke ciki sai gumaka, kuma ginin ƙasa ci baya ne, gara su koyi kwamfuta. Surukata kuma kullum cewa take yaran da ba su da takarda ba su da makoma. Na rasa da wanda zan ji.

*Daga ƙanwarki, Jos*

Ƙanwata, kada ki je a ɓoye, kuma kada ki ce masa ba gaskiya ya faɗa ba. A gidan tarihin Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai sassaƙe-sassaƙen yumɓu na mutanen Nok, an ajiye su ne domin nazarin tarihi. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Amma ki sanar da shi cewa inda kike son zuwa daban yake. A filin da ke kusa akwai gidan tarihin gine-ginen gargajiya, wanda wani masani ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafawa bayan ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu. A can aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da girman da mutum zai shiga. Asalin masallacin Muhammadu Durugu ne ya gina shi, wanda ake kira Babban Gwani, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a rabin farko na ƙarni na 19. Ki ce masa masallaci za ku je gani, kuma kina so shi ya kai ku, shi ya riƙe wa yaran tef. Gani ya kori ji.

Kwamfuta kuwa ba ta gaba da laka. Da ita masu zanen gini ke aiki a yau, sai dai ba ta gaya wa mutum abin da bai sani ba game da nauyi da zafi da ruwa. Yaron da ya taɓa karya kara da yashi ya fi saurin gane abin da take nuna masa. Ku yi yarjejeniya: abin da suka auna a can, maigidan zai koya musu shigar da shi kwamfuta.

Maganar surukarki kuma ki riƙe ta da kyau, domin tana da gaskiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye nauyin tabbatar da cewa yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, kuma ba wanda zai zama injiniya mai rajista ba tare da jarrabawa da jami'a ba. Ban da haka yaro na buƙatar sa'o'insa, ya yi gardama da su, ya yi aiki da wanda ba ɗan ɗakinsu ba. Ki je makaranta mafi kusa ki karɓo manhajar ajinsu ki riƙa bi, ki tambayi yadda za su zauna jarrabawa, ku kuma sa ranar komawarsu aji da zarar dalilin zaman gida ya kau.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin gidajen tarihinmu ne, daga Kano da Katsina da Jos har Yamai da Damagaram. Ku ware kusurwa ɗaya a harabarku, ku zuba ƙasa da kara da igiya, ku gayyato tsohon magini rana ɗaya a wata ya zauna da yara. Kuɗin da za a kashe kaɗan ne, kuma masu wannan ilimi tsufa suke yi. Ku kuma iyaye, ranar 18 ga Mayu ce ranar gidajen tarihi ta duniya, amma ba sai kun jira ta ba. Ku haɗa yaran maƙwabta, ku sa rana, ku tafi da tef da littafi, sannan ku rubuto mini abin da suka auno. Allah ya yi wa zuri'armu albarka.